Shafin da Ke Magana da Muryar Nasrullahi

Ana idar da sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Laure a unguwar Nasarawa. Tana zaune tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Tun da gulbi ya ci ɗanta Nasrullahi a fadamar Zauro, babu abin da ke razana ta, babu kuma abin da ke mata daɗi. Jifa ya ci gaba. Sai ɗiyarta Nazifa ta fito daga ɗaki da tafiyar maza, ta tsaya tsakar gida, ta ce da muryar mamacin, "Inna, yau ba ki gaishe ni ba."

Haka abin ya zama kullum da faɗuwar rana. Maƙwabta suka hana yaransu shigowa. Nazifa ta daina cin abinci, ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta, Laure kuwa tana kallo kamar ɗiyar wani ce.

Ƙanwar Laure, Munira, mai gyaran kwamfuta, ita ta gaji ta ɗauko Malam Kalilu, mai cire aljanu, daga Argungu. Yana alwala ta buɗe tsohuwar kwamfutar Nasrullahi, ta daɗe tana dubawa. Manhajar leƙen asiri ta tarar, wadda ta kwashe hotunan yaron da saƙonnin muryarsa ta aika wani shafi. Goge ta ba wuya, amma da an sake shiga shafin za ta dawo, kuma mai shigar ya share sawunsa tas.

Malam ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Nazifa ta sandare a kan tabarma, idanunta a buɗe.

"Ta ina kash shigo gidan ga?" in ji Malam.

Aljani ya amsa ta bakin Nazifa: "Ban hau katanga ba, Malam. Buɗe mani aka yi kullum. Tambayi uwar."

Laure ba ta musa ba. Can baya, wata rana tana kallon hotunan Nasrullahi a kwamfutar wani talla ya fito, wai ka sake jin muryar wanda ka rasa. Ta danna. Tun daga nan ba ta yi fashin shiga shafin ba.

Aljanin ya yi dariya. "In bar yarinya, ku bar mani ƙohwata. Uwa ta riƙa jin ɗanta. Wa ac cutu?"

"Hidda shi aikina ne, da ikon Allah," in ji Malam yana duban Laure. "Amma in ƙohwa na buɗe, gobe shi dawo, kuma yarinyar ga ba ta da sauran ƙarhi."

Munira ta durƙusa gabanta. "Yaya, akwai wani ɗan fayil, hos aka ce mai. Kahin kwamfuta ta tahi ko'ina, shi taka dibawa. In na rubuta sunan shahin ciki, na ce gidanshi nan ne cikin kwamfutar, duk wanda yak kira shi hannu wohi za shi dawo. Amma ke kaɗai kin san sunan."

Sai muryar ta yi laushi, ta koma ta Nasrullahi sak, har da 'yar in'inarsa. "Inna, ruwan da sanyi. Kak ki bar ni."

Laure ta daɗe tana kallon ƙashin wuyan Nazifa. Sannan ta faɗi sunan, harafi bayan harafi, da murya maras hawa da sauka. Munira ta rubuta, ta adana. Malam ya ɗaga karatu, Nazifa ta yi wata irin atishawa, jikinta ya saki.

Can ta buɗe ido. "Inna, yunwa nika ji."

Laure ta jira hawaye, ba su zo ba. Ta tashi ta hura wuta, ta ɗora ruwan kunu. A bakin murhu ta nemi muryar ɗanta a cikin kanta, ta tarar har ta fara dushewa.