Furannin Gonar Baba Gabriel

Gara in faɗa tun yanzu: ni ne alƙalin da ya ba waƙar nan lambar farko, kuma ni ma ban san abin da take yabo ba.

A taron marubuta na Zuru, wanda ake yi don waƙoƙin duwatsu da gonaki, Japhet ya fara ganin Saloma tana jera kujeru. Ɗan soja ne, a bariki ya girma, fartanya sai a hoto. Shekara guda suna soyayya, da taron ya zagayo ya ce zai burge mahaifinta, Baba Gabriel.

Ya hau dandamali ya karanta waƙa kan jajayen furannin da suka ƙawata dawar Baba Gabriel. Har sunan gonar ya kama. Mu 'yan boko muka yi tafi. Manoman da ke baya suka fashe da dariya. Tsohon ya ɗauki hularsa ya fita.

Wayar Japhet ta yi ƙara. Saloma ce.

“Jafi na, ka kashe mu. Ƙuduji ne, ciyawar da ke shanye dawa. Ka gaya wa duk Zuru Baba rago ne.”

Washegari Japhet ya durƙusa a ƙofar gidan tsohon.

“Baba, ban sani ba.”

“Shi ya fi ba ni tsoro,” in ji tsohon. “Godswill na Dirin Daji ya ce zai yi mini golmo, noman neman aure irin na kakanninmu. Kai me ka kawo? Fure?”

Saloma ta leƙo. “Baba, ai zai koya.”

“Koma ciki. Kai kuma, ran Lahadi zan ba Godswill amsa. In na ga fure ɗaya a gonar nan, ka nemi wata ka yi mata waƙa.”

Kwana biyar ke nan. Japhet ya shiga tuge da hannu. Ran Laraba tafinsa ya yi bororo, ran Alhamis ya fashe. Godswill ya tsaya a kan babur yana ihu: “Malam marubuci, a ɗebo mini na ado!”

Ran Juma'a saura rabin gona. Ya rubuta mata: “Ba zan gama ba, Salo.”

“Ko ba ka gama ba, kada Baba ya same ka a zaune, zumana.”

Lahadi bayan coci tsohon ya zo gonar. Kunya goma sha biyu na nan ja wur, Japhet na duƙe a tsakiya. Baba Gabriel ya kama hannayensa ya juya su, ya daɗe yana kallo.

“Turo iyayenka.”

Bayan girbi aka ɗaura aure. Fasto ya sa albarka, tsohon ya gaya wa jama'a surukinsa ya ceci gonarsa, Allah ya ba su zuri'a mai albarka. Muka ce amin.

Dawar da aka yi tuwon bikin da ita, daga kasuwar Bena aka sayo ta.