Hoton Rissa Ba Amawali

A garin Tanut akwai wata yarinya mai wayo, amma mai gaggawa. Mahaifinta ya rasu. Uwarta Safiya tana sayar da cuku a kasuwa. Safiya ba ta roƙon kowa, kuma ba a taya mata kaya da wasa.

Ba ita ke yin cukun ba. Wani makiyayi Ba'abzine mai suna Rissa ke kawo mata daga wajen Tarka. Matarsa ce ke yi. Duk kasuwar babu cuku mai daɗinsa.

Rannan yarinyar ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, da gudu.

"Inna, malaminmu Mushe Manzo zai koya mini buɗe shafi a intanet!"

"Mene ne kuma shafi?"

"Rumfa ce, amma cikin salula. Mutanen Damagaram za su ga cukunki, su kira ki."

"Rumfar da ba ta da inuwa? To, buɗe. Amma kada ki rubuta kuɗin kaya. Mai so ya kira ni, mu yi ciniki baki da baki."

Mushe Manzo ya nuna mata komai. Suka sa wa shafin suna Cukun Safiya. Suka rubuta lambar waya da sunan gari. Ya ce ta riƙe kalmar sirri, kada ta faɗa wa ko ƙawarta.

"Saura hoto," in ji shi. "Ki ɗauki kayanku na gaske. In da mutum a ciki, ki tambaye shi tukuna. Kin ji?"

"Na ji, Mushe."

Ba ta ji ba. Hankalinta ya riga ya tafi kasuwa.

Ranar kasuwa Rissa ya iso da cuku. Rana ta yi zafi. Ya zagaya bayan rumfa, inda ba kowa. Ya sauke amawali, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki da hanci. Ya gutsiri cuku, ya kurɓi shayi, yana murmushi shi kaɗai.

Yarinyar ta leƙo ta kafar zana. Ba ta taɓa ganin bakinsa ba. Ta ce a ranta, wannan murmushi zai sayar da cuku. Ta ɗauka, ta ɗora a shafi. Ba ta gaya wa kowa ba.

Waya kuwa ta fara kuka. Daga Damagaram, daga Belbeji, kowa cuku yake so.

Da wata kasuwar ta zagayo, Rissa ya zo hannu wofi. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Safiya, me na yi miki?"

"Ina cukuna? Mutane na jira!"

"Babu cuku! Yau babu, gobe babu! Wani saurayi ya nuna hotona a bakin rijiya. Bakina a buɗe, ina tauna kamar akuya. Surukina yana zaune wurin, ya gani!"

Safiya ta miƙe tsaye.

"Kai Rissa, rage murya. Nan rumfata ce. Wane hoto?"

"Tambayi ƴarki. Tun da na auri ƴarsa, tsohon nan bai taɓa ganin haƙorina ba. Ko ruwa ba na sha a gabansa. Yanzu duk ƙasar Damargu an gani!"

Ya juya ya tafi. Safiya ta dubi yarinyar.

"Ke! Zo nan. Nuna mini."

Yarinyar ta miƙa salula.

"Inna, ai ya yi kyau a hoton."

"Rufe mini baki! Kin tambaye shi?"

"A'a."

"Kin laɓe kin ɗauki mutum kamar ɓarauniya! Tun rasuwar ubanki ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya a kasuwar nan. Yau an yi, kuma da gaskiyarsa. Cire shi!"

Yarinyar ta cire hoton nan take. Ta ruga wurin Mushe Manzo tana kuka.

"Mushe, na cire. Shi ke nan, ko?"

Ransa ya ɓaci.

"Ba shi ke nan ba. Wasu sun riga sun ajiye shi a wayoyinsu. Wannan ba ki da iko da shi. Me na ce miki ranar nan?"

"In tambaya tukuna."

"To. Hoto kin cire, saura haƙuri. Shi ba a ba da shi ta salula."

Waya ta yi ta kuka, rumfa kuwa babu cuku. Safiya ta daina amsawa. Da safe ta ɗaura gyale, ta ƙulla sukari da ganyen shayi.

"Tashi. Ke kika ɓata, ke za ki yi magana."

Suka shiga motar Tarka, suka ƙarasa da ƙafa. Suka tarar da Rissa da tsohon surukinsa a gindin wata bishiyar ƙaya. Yarinyar ta durƙusa.

"Baba Rissa, ni na ɗauka. Inna ba ta sani ba. Ban tambaye ka ba, na yi laifi. Ka yi haƙuri."

Rissa ya kau da kai.

"Na haƙura. Amma cuku sai bayan damina."

"Bayan damina?" in ji Safiya. "Yarinya ta tako ƙaya ta zo har gidanka. Kasuwa mai zuwa!"

"Sai kaka."

"Kasuwa mai zuwa, na ce. Ban zo roƙo ba, gyara na zo yi."

Sai tsohon ya yi gyaran murya.

"Rissa, ni idanuna sun tsufa. Ban ga komai a wayar nan ba. Ka ba matar nan cukunta."

Rissa ya ja amawali har gindin ido.

"To. Amma a sa wani hoton a wurin wancan. Ina kan raƙumina, rawanina a naɗe."

"Da cukuna a hannunka," in ji Safiya.

"Kai, matar nan! Ko a haƙuri sai kin ci riba?"

Yarinyar ta ɗaga salula, sai ta tsaya.

"Baba Rissa, in ɗauka?"

"Yanzu kika yi magana. Ɗauki."

Hoton nan shi ke kan shafin Cukun Safiya har yau. Idanunsa kawai ake gani, cuku kuma bai ƙara yankewa ba.

Yara, fuskar mutum tasa ce. Abin da ya hau intanet ba ya saukowa duka. Kafin ku ɗora hoton wani, ku tambaye shi.