Tsohuwar Dajin Madobiya

La'asar sakaliya Ikilima ta hau bayan mashin ɗin Godwin, suka bar Jalingo ta hanyar Lau. Ita ma'aikaciyar gidan rediyo ce, shi kuma ɗaukar bidiyo yake yi. A wajen horon da ake ba 'yan jarida da masu shirya fim kan labaran muhalli aka haɗa su aiki tare. Malama Jemima, mai koyar da su, ta ce kowa ya kawo ɗan gajeren fim, kuma kada a cika shi da surutun masana.

"Ku nemo wanda abin ya shafa," in ji ta. "Ku miƙa masa makirfo, ku yi shiru."

Wani daji suka nufa, inda 'yan katako suka sare madobiya, wadda suke kira madrid, ba su bar ko ɗaya ba. Da suka sauka daga kwalta suka bi 'yar hanyar manyan motoci har ta ƙare. Kututture ne ko'ina, iya ganinka. Jan ruwan itacen ya bushe a jikinsu kamar jini. Wurin na warin danyen katako da baƙin mai. Babu kukan tsuntsu ko ɗaya.

Godwin ya kafa kyamara. "Mu yi sauri fa, rana ya kusa faɗi. Amma wa za mu tambaya a nan?"

Sai Ikilima ta hango ta. Wata tsohuwa ce zaune a kan wani babban kututture, ta lulluɓa da baƙin zane, ƙullin kaya a gefenta.

"Sannu, Inna. Nan kusa kike?"

"Nan nake," tsohuwar ta ce. "Da."

Ikilima ta ji daɗi, ga wanda abin ya shafa. Ta durƙusa, ta sa abin sauraro a kunne, ta miƙa makirfo.

"Inna, me sare itatuwan nan ya jawo muku?"

"Da rana tsaka suka zo da injinsu, 'yata. Ba sallama. Muna ciki."

Ikilima ta ɗauka cikin dajin take nufi. Ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai ta ji wani abu a abin sauraron, can bayan muryar tsohuwar. Tari. Kukan jariri. Ƙarar ƙwarya tana gogar ƙwarya, kamar ana haɗa kayan ƙaura. Mutane da yawa suna numfashi kusa da ita.

Ta ɗaga abin daga kunne ɗaya. Tsit.

Ta mayar. Numfashin ya ƙara matsowa.

"Ikilima," Godwin ya ce da raɗa. "Da wa kike magana? Kyamara ba ya ganin kowa."

Ta yunƙura za ta miƙe. Wani sanyi ya taso daga ƙasa, mai warin jiƙaƙƙen ganye.

Tsohuwar ta sa hannu ta riƙe makirfon. Yatsunta sun tsage kamar ɓawon itace.

"Kin yi taki tambayar. Saura tawa. A ina kike zaune?"

Ikilima ba ta yi niyyar amsawa ba. Bakinta ne ya buɗe da kansa.

"Unguwar Abbare."

A kunnenta ta ji raɗa ta zaga. Abbare. Abbare.

"Akwai itace a gidanku?"

Mangwaron tsakar gidansu ya faɗo mata a rai. A gindinsa 'yarta Hamna ke wasa kullum.

"Wane gida ne, 'yata? Mun gaji. Yara na jin sanyi."

Harshenta ya fara motsi.

Ta datse shi da haƙori. Jini ya cika mata baki.

Ta ɗago ido. Kowane kututture da mai zama a kansa, kowa da ƙullin kayansa, duk ita suke kallo.

"A'uzu billahi..."

Godwin ya fizge wayar makirfon, ya cafko hannunta. Suka zura da gudu, suna tuntuɓe da saiwoyi. Ya taka mashin, ya ƙi. Ya sake takawa yana kiran sunan Yesu. Ya tashi.

Wani abu ya kama gyalenta ta baya.

Ta sakar masa.

Ba su waiwaya ba sai da suka ga fitilun gari.

Zazzaɓi ya kwantar da Ikilima har aka rufe horon ba ta koma ba. Godwin ya sayar da kyamarar, ya daina bin hanyar Lau. Ita kuma ta kai Hamna wajen kakarta a Nukkai, ta ce sai ta ji sauƙi za ta ɗauko ta. Harshen ya warke, har ta koma aiki.

Wata ranar da yamma maƙwabciyarta Aisatu ta shigo aron turmi, ta tsaya hira.

"Maman Hamna, kin ji labarin tsohuwar nan kuwa? Dab da magariba take bin gidaje. Ba ta roƙon komai. Sai dai ta yi sallama, ta tambaya ko akwai itace a gidan. Daga ƙasan unguwa ta faro. Jiya a layin bayanku aka gan ta."

Aisatu ta ɗauki turmi ta fita. Ladan ya fara gyaran murya.

Ikilima na nan tsaye a tsakar gida, ta kasa ɗauke ido daga mangwaron, sai ta ji an yi sallama a zaure.