Mutumin da Ke Cikin Kada

Pokuaa na suyar kifi a bakin tafki sai ga kada ya fito daga ruwa yana tari. Kafin ta ruga, ya sa hannu ya cire kansa.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa, fim muke yi. Da ruwan sha? Robar nan za ta kashe ni."

Amponsah ke nan, ɗan Kumasi. Shi ke shiga rigar kada mai cin mutane, a kwarara wa waɗanda ya kama tumatirin gwangwani a ce jini ne. Kullum wajenta yake cin kenke, tuwon masararsu, da kifi, har ya koma kiranta Odo, wato masoyiya.

Da fim ɗin ya fito, wani ya yanki inda kada ya ja mace cikin ruwa ya watsa a waya, aka ce gaske ne. Masu zuwa wankan Lahadi suka ɗauke ƙafa. Kifin mahaifinta, Agya Boakye, ya riƙa ruɓewa a kwando.

"Wanda ya kashe mana kasuwa ba zai taka gidana ba," in ji tsohon. "Ga Fosu mai tasi nan yana sonki."

Amponsah ya daina zuwa, abinci ma ya gagare shi. Pokuaa ta zaci ya samu wata, har saƙonsa ya shigo:

"Odo, ni na roƙi darakta ya sa sunan garinku a fim, don in burge ki. Na kasa haɗa ido da ke."

Ta yi kuka, sannan ta amsa: "Kunyarka ba ta sayar da kifi. Ka zo."

Ranar Lahadi ya sa rigar, ya rungumi kan a hammata, ya bi tashar mota yana cewa, "Ni ne kadan. Ku taɓa, roba ce." Aka yi ta dariya, wasu suka biyo shi tafki ɗaukar hoto, har suna sayen kifi. Haka yake yi duk mako, har wata rana zafi ya sumar da shi.

Agya Boakye ne ya yayyafa masa ruwa.

"Tashi, sakarai. Ka turo manyanka."

Ranar aure tsohon ya haɗa hannuwansu. "Na yafe maka, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'yan da suka fi ubansu hankali."

Amponsah ya sunkuyar da kai, Pokuaa ta matse hannunsa ta ce amin.