Ledar Da Motar Shara Ta Bari

Da safiyar Litinin Sufeto Pyo yana zaune a ofishin 'yan sanda na unguwarsu a birnin Busan na Koriya ta Kudu, ya tuɓe takalmi ɗaya yana shanya safarsa da ruwan sama ya jiƙa, sai ga wata budurwa ta faɗo kamar an jefo ta. Idanunta sun kumbura suntum. Wata dattijuwa, mahaifiyarta, na biye da ita riƙe da laima, tana haki.

"Yallabai, an sace min fasfo!"

Sufeto ya mayar da takalminsa a nutse. "Fasfo ai ba a sata, 'yata, ɓata yake yi. Ki je a yi miki wani."

"Da biza a ciki! Ranar Asabar zan tashi."

Sunanta Seol Da-mi, zane take yi wa wani kamfani a kwamfuta. Ƙasar Portugal ce ta ba ta bizar nan ta masu aiki daga nesa, wadda mutum zai zauna a can yana yi wa kamfaninsu na gida aiki ta intanet. Ta sha wuya kafin ta samu. Kamfanin mutum ɗaya tak ya yarje wa, shi ma da sharaɗin idan sabon wata ya kama ba ta tafi ba, maganar ta mutu. Ga shi har ta saki gidan haya.

"Tsaya," in ji Sufeto. "Wato albashin Busan, hantsin Lisbon?"

"Haka ne, Yallabai."

"Ba shugaba a kanki? Ba turereniya a jirgin ƙasa da safe?"

"Babu."

Wani abu ya tokare wa Sufeto Pyo ƙirji, kuma ya san sunan abin sarai, hassada ce. Shi da gashinsa ya yi fari a aikin nan, fasfonsa na can cikin durowa ya mutu ba a taɓa buga masa hatimi ba.

Sajan Byeon, abokiyar aikinsa mai baki kamar reza, ta ɗauko makullin mota. "Yallabai, rufe bakin mana, kada ƙuda ya faɗa."

Gidan Da-mi na kan tudu, a wani tsohon bene. A gindin falwayar ƙofar gida, inda ake ajiye shara, wata farar leda na zaune ita kaɗai, an manna mata jar takardar gargaɗi.

"Wani zai sha tara," in ji Sajan, suka wuce.

Ba a fasa ƙofa ba, sai dai a gefenta an jingine wata laima mai sunan wani shagon gyaran babur. Kwamfuta na nan a kan tebur, agogo na nan. Kyamarar bakin ƙofa kuwa ado ce kawai, tun bara ta mutu. Jiya da rana Da-mi ta yi 'yar liyafar ban kwana, an gasa nama, kuma mutum uku ne suka zo: mahaifiyarta, saurayinta Gu Tae-sik, da Maeng Yu-ra, babbarta a ofis, wadda take kira Onni, wato yaya.

"A ina fasfon yake?"

"A aljihun akwatina, cikin ɗakin kwana."

Sufeto ya juya ga dattijuwar. "Mama, kin shiga ɗakin?"

"Ni? Ko ƙofar ban taɓa ba."

Ya durƙusa ya shafa cikin akwatin. A ƙarƙashin shafin ya ji wani abu yana ƙaras-ƙaras. Ya zaro wata laya ta takarda ruwan ɗorawa mai jan rubutu, irin wadda masu duba ke bayarwa.

"Wannan fa, da ƙafarta ta shigo?"

"Omma!" in ji Da-mi, wato mama da yarensu.

Dattijuwar ta harɗe hannu. "To, na shiga! Ta tsari ce. Da na ce zan sa, ai da ta ce ni baƙauyiya ce. Amma ka yi tunani mana, Yallabai, wanda zai hana tafiya zai sayi layar tafiya?"

"Kina son ta tafi?"

"Wace uwa ce ke so? Ni da na tashi ina sayar da kifi a kasuwa, ko jirgin sama ban taɓa shiga ba, ita kuma wai za ta je bakin tekun wasu ta miƙe ƙafa." Ta yi tsaki. "Amma ban ɗauka ba."

A kicin komai tsaf. An wanke almakashin yanka nama an rataye shi. Ledar sharar Da-mi na cikin bokiti, cike taf da tarkacen liyafa, ba a fitar ba. Ga lemo tari guda a faranti.

"Onni ce ta kawo," in ji Da-mi. "Ita ta wanke kwanukan ma. Don Allah kada ku ɓata lokaci a kanta, ita ce fa ta fara ba ni labarin bizar."

Maeng Yu-ra ta tarbe su a ofis da hannu bibbiyu. Mace ce kamila, ta girmi Da-mi nesa ba kusa ba, murmushi ba ya barin fuskarta. Ta miƙa wa Sufeto kofi tana ɗan rusunawa.

"Wayyo Da-mi! Ni ko barci ban yi ba da na ji."

"Da yaushe kika ji?"

"Da safe ta kira ni." Sai ta yi saurin gyarawa. "Ina nufin, ko abinci ban iya ci ba."

Sufeto ya kurɓi kofi. Hoton da ke fuskar kwamfutarta wani titi ne mai gangara, da ƙaramin jirgin ƙasa ruwan ɗorawa yana hawa.

"Ina ne nan?"

Idanunta suka kawo haske. Ta shiga zuba: sunan titin, unguwar da haya ke da sauƙi, watan da ya fi daɗin iska, shagon da ke gasa kifi a kan garwashi. Kai ka ce a can aka yanke mata cibiya.

"Sau nawa kika je?"

Hasken ya ɗauke. "Ban taɓa zuwa ba."

"Ke ma kin nemi kamfani ya bar ki?"

"Na ɗan yi maganar. Amma mai miji da ɗa da suruka a gida ɗaya, ina za ta? Ni kullum daga garin Gimhae nake tahowa, jirgi biyu da bas. Da-mi ce ta dace, na fi kowa murna."

"Da za ki tafi jiya, me kika fita da shi?"

"Jakar hannuna kawai."

A mota Sajan ta ce, "Mutuniyar kirki ce, ko?"

Sufeto ya juya yana kallon taga. Kallon da matar ta yi wa hoton nan ya san shi. Shi yake gani a madubi duk sanda wani ɗan ajinsu ya turo hoto daga ƙasar waje.

Gu Tae-sik gyaran babur yake yi a wani lungu. Ya goge hannu a wando, ya ce shi ya fara barin liyafar, kuma gida ya wuce kai tsaye. Ya ƙara da cewa yana taya Da-mi murna da zuciya ɗaya.

"Cikin ruwan nan ka tafi gida, ka bar laimarka a bakin ƙofarta?" in ji Sufeto. "Mai sunan shagonka a jiki?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. "A matakala na zauna."

"Kana me?"

"Yallabai, sai na faɗa?"

"Kuka yake yi," in ji Sajan. "Dubi hancinsa."

"To, na yi! Shekara nawa ina bin ta? Can za ta haɗu da wani dogo mai gemu, suna shan kofi a bakin ruwa, ni ina nan cikin baƙin mai. Na so in koma in roƙe ta, ƙafata ta ƙi."

"Wa ya wuce ka a matakalar?"

"Yaya Yu-ra. Ta dafa kafaɗata ta ce in daina kuka, wai ba a san abin da gobe za ta kawo ba."

"Me ke hannunta?"

"Jakarta, da farar ledar nan da ta kawo lemo a ciki."

Sufeto ya dubi Sajan, Sajan ta dube shi. Ko sallama ba su yi wa Tae-sik ba.

Kowa a ƙasar nan ya san ledar shara saye ake yi, kuma kowane gari da tasa, da sunansa a jiki. A manyan kantuna ita ake ba ka ka zuba sayayya, in ka je gida ka mayar da ita ta shara. Motar shara kuwa ba ta ɗaukar ledar wani gari, ko da sarkin duniya ne ya ajiye.

Ledar na nan a gindin falwaya, ruwa na ɗiga a kanta. Sufeto ya ɗaga jar takardar. A ƙarƙashi an rubuta Gimhae da manyan baƙaƙe.

Ya ɗauke ta da yatsa biyu. Shafal.

"Sajan, kin taɓa ganin wanda ya zubar da leda bai cika ta ba?"

"A Busan? Uwata da ƙafa take danna tata."

An ɗaure bakin ledar da kyau, ɗaurin mace mai tsafta. Ya kwance. Cikin dunƙulen takardun goge hannu ga fasfon nan, an bi shi da almakashi an yi masa gunduwa-gunduwa. Shafin bizar ya rabu biyu, daidai kan fuskar Da-mi.

A nan ne wani abu ya faru da Sufeto Pyo wanda ba zai faɗa wa kowa ba. Wani ɗan sanyin daɗi ya ratsa shi, ɗan kaɗan, kafin kunya ta biyo baya ta rufe shi.

Da la'asar aka tara su a ofishin 'yan sanda. Sufeto ya ajiye ledar a tebur gaban Yu-ra, ya zazzage abin da ke ciki.

Da-mi ta ƙwalla ƙara ta toshe baki.

"Malama Maeng, kin ce jakar hannunki kawai kika fita da ita."

"Mutum nawa ne a Gimhae, Yallabai?"

"Da yawa. Amma guda ɗaya ce ta kawo lemo gidan nan, ta wanke almakashi."

Murmushin ya daɗe kafin ya faɗi. Da ya faɗi kuwa, sai ga wata fuska daban, gajiyayya.

"Na manta ba garinmu nake ba," in ji ta a hankali. "Na ɗauka kafin gari ya waye mota ta kwashe."

"Me ya hana ki tafi da shi gida?"

"Surukata har shara take bincikewa."

"Ki jefa a kwata mana."

Ta dube shi kamar ya zage ta. "A kwata? Ni ban taɓa yar da ko takardar alewa a ƙasa ba."

"Onni," in ji Da-mi. "Onni, ai da kin ce kina so, da na bar miki."

"Ki bar min?" Yu-ra ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni na gano bizar nan! Ni na koya miki aikin, ni na nuna miki titin da za ki kama haya. Kowace safiya a jirgi, a tsaye, hancina a hammatar wani, ina koyon yarensu a waya. Ko kin bar min ba inda za ni, na sani. Ba wurinki nake so ba."

"To me kike so?"

"So nake ranar Litinin in ɗago kai in gan ki a teburinki, kin jiƙe da ruwa kamar kowa."

Kowa ya san sabon fasfo abu ne mai sauƙi, amma sabuwar biza ba za ta fito kafin wata ya kama ba. Tafiyar Asabar dai ta sha ruwa.

Dattijuwar ta rungume 'yarta. "Yi shiru, yi shiru. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi, yau ma zan dafa miki miyar kifi." Muryarta ta tausayi ce, amma zumuɗi ya kasa ɓoyuwa a fuskarta. A bakin ƙofa Tae-sik na ta kallon silin yana cije leɓe, don kada bakinsa ya tona masa asiri.

Da-mi ta ɗago ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta daina kuka.

Sajan Byeon ta kama hannun Yu-ra. "Mu je, Malama."

Yu-ra ta miƙe, ta mayar da kujerar mazauninta, ta gyara rigarta. Da ta zo daidai Sufeto sai ta tsaya, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Da ka buɗe ledar, Yallabai, kai ma ka ji daɗi, ko?"

Sufeto Pyo ya buɗe baki zai daka mata tsawa. Sai ya ga Da-mi na kallonsa, shi ma, tana jiran amsa.

"Sajan," in ji shi, "tafi da ita."