Wutar Tirelar Alhaji Souley

Da safiyar wata Asabar, lokacin zafin 2016, Hajiya Zinariya ta ɗaga murfin akwatin batir na tirelarsu, ta leƙa ciki.

Batura biyu ne a ciki kamar kullum. Amma ɗaya kaɗai ke ɗauke da ɗigon jan farcen da ta sa musu da hannunta. Na biyun baƙi ne shi ma, girmansu ɗaya, an goge shi har yana ƙyalli, sai dai ba nasu ba ne.

"Alhaji," ta ce, "ajiye kular nan ka zo. An yi mana sata."

Mijinta, Alhaji Souley, mutumin Maradi ne, ya tsufa a tuƙin tasi a New York. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tirelar kwana ta hannu, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mai gado da firji da fitilu. Burinsa ɗaya: ya fitar da matarsa daga hayaniyar Bronx, su je bakin tafki a arewacin jihar, su ga itatuwa. Ita kuwa Zinariya, mai sayar da atamfa da man kaɗanya a titin 125 na Harlem, ba itatuwan suka dame ta ba. Fuskarsa take so ta gani idan yana kallonsu.

Sai dai tirelar ta hana su sakat. A gari wuta lafiya lau. Da sun fita sai fitilu su kama ƙyafta ido, firji ya yi tari ya mutu, can an jima komai ya dawo kamar ba a yi ba. Wannan bai tsaya a kan ruwan sanyi ba. Numfashin Alhaji kan tsaya idan yana barci, likita ya ba shi na'ura mai hura masa iska, ita ma da batirin take aiki. A fitarsu ta ƙarshe na'urar ta ɗauke, Zinariya ta farka ta same shi yana kokawa da numfashi. Tun daga ranar ta daina yarda da maganar "waya ce ta saki". Ta ɗauki kwalbar jan farcen 'yarta ta yi wa baturan alama, ba ta gaya wa kowa ba.

Alhaji ya duba akwatin, ya sosa ƙeya.

"Wataƙila alamar ce ta goge, Hajiya."

"Jan farce ba ya gogewa da kansa. Dubi makullin."

"Lafiyarsa lau."

"Shi ne abin da ya dame ni. Wanda ya buɗe, da mabuɗi ya buɗe."

Ta naɗe hannun rigarta. Ta taɓa wayar da ke kan baƙon batirin, wayar ta juya a hannunta kamar zobe a yatsan mara lafiya. Notin da ya kamata ya matse ta duk an tauna gefensa. Ta shafa kan ƙarfen, ta kai yatsa hanci, ta ɗan jima tana shinshinawa, sannan ta goge a hankici ta ninke.

"Tafiya ta fasa," ta ce. "Kira mini Hambali makanike."

Kafin ya iso ta nufi ɗan ɗakin mai gadi. Filin ajiye motocin da suke barin tirelar yana Mount Hope, bayan Grand Concourse, Yussif ke tsaronsa, wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai ɗaure da bel ɗin ciwon baya.

"Baba Yussif, wa ke zuwa wajen tirelarmu?"

"Hajia, ni get nake kallo. Mutum ya shigo da mota, ya biya, ya fita."

"Kana da mabuɗin akwatin batir?"

"Ni? Alhaji bai ba ni ba. Ko ya ba ni, me zan yi da shi? Galan na ruwa ma ba na iya ɗauka."

Ta dubi bel ɗin, ta tuna nauyin batirin, wanda ita da Alhaji sai sun haɗu suke ɗaga shi. Ta cire Yussif daga zargi.

"Jiya fa? Ba ka ga kowa ba?"

"Jiya Juma'a. Bayan masallaci wurin nan cika yake yi paa. Masu motocin ban suna loda kaya, duk masu zuwa kasuwar wikend. Ba na iya gane na wa da na wa."

Hambali makanike ya iso da jakar kayan aiki, ransa a ɓace tun kafin a yi masa magana. Shi ya sayo baturan, shi ya ɗaura su, shi kuma ake kira duk lokacin da wuta ta yi gardama.

"Hajiya, na san abin da ke ranki. Wallahi sababbi na sa."

"Ban ce komai ba tukuna. Yaushe ka duba su na ƙarshe?"

"Talatar nan."

"Me ka gani?"

"Duka biyun cike da caji. Fis lafiya, wayar ƙasa lafiya, injin caji lafiya. Har na ga wani ya ɗiga musu jan fenti."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"Wancan karon da muka dawo, wace rana ka zo?"

Ya yi tunani. "Tsakiyar mako. Kullum tsakiyar mako nake samun sarari."

"To auna wannan."

Ya ciro ma'auninsa ya ɗora a kan baƙon batirin, ya dubi lambar, ya yi salati.

"Wannan gawa ce. Idan aka haɗa shi da mai kyau, shanye mai kyaun zai yi. Ga kan ƙarfen ya cinye, waya ba za ta kama ba. Mota na girgiza, wuta na zuwa tana tafiya." Ya kai ido kan notin, fuskarsa ta canza kamar an zage shi. "Wa ya matse wannan da filaya? Ni da sifana nake aiki!"

"Wane mai kake shafa wa kan batir?"

Ya buɗe gwangwani ya nuna mata. Giris ne baƙi, mai warin gareji.

"Yi haƙuri, Hambali," ta ce. "Na zarge ka a zuciyata, na janye."

Ta ja mijinta gefe, inuwar tirelar.

"Alhaji, mabuɗan nan guda biyu ne. Ɗaya na jakata. Naka bai taɓa barin hannunka ba?"

Alhaji ya kama gyaran hula.

"Bon... lokacin sanyi. Barmo ya rasa inda zai ajiye kwalayensa, na ce ya sa a tirela tunda tana zaune. Amma ya maido mini, Hajiya. Barmo ne fa."

Barmo ne fa. Ɗan garinsu, wanda ya sauka a falonsu ranar da ya fara taka Amurka, ya ci tuwonta har ya samu tebur nasa na turare, taku kaɗan daga nata a titin 125. Zinariya ta buɗe hankicin ta miƙa wa mijinta.

"Shinshina."

Alhaji ya shinshina, ya rufe ido.

Sun sami Barmo a wata kasuwar titi da ake ci ranakun Asabar da Lahadi a Harlem. Rumfarsa ta fi ta kowa kyau: ƙananan fitilu zagaye da kwalaben turare, fanka na kaɗawa, sifika na zuba waƙa. Zinariya ta bar Alhaji a mota, ta zo ita kaɗai.

"Yaya Zinariya! Ba ku tafi daji ba?"

"Ba mu tafi ba. Kasuwa ta yi kyau, Barmo. Ina kake samun wuta?"

"Wani ɗan batir ne nake lallaɓawa."

"Mu ga."

"Yaya, ƙura ce a ƙarƙashin..."

Ta riga ta ɗaga zanen teburin. Batirin na zaune tsakanin kwalaye, ɗigon jan farce a kafaɗarsa.

Barmo ya kashe sifikar. Ta jawo kujerarsa ta zauna, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabtan rumfa su ji.

"Bari in faɗa maka yadda aka yi, in na yi kuskure ka gyara. Lokacin sanyi ka yanka mabuɗi. Da zafi ya zo batirinka ya mutu. Duk Juma'a, cikin cunkoson masu loda kaya, sai ka ɗauke namu ɗaya ka sa naka. Kasuwa ta watse, ka yi masa caji, ka mayar. Shi ya sa idan Hambali ya zo tsakiyar mako ba ya ganin komai, mu kuma da muke fita Asabar muke tafiya da gawa. Ɓarawon waje ba ya maido kaya, wannan aikin na gida ne. Makanike ba ya matse noti da filaya. Kuma mutum ɗaya na sani a garin nan da yake haɗa man kaɗanyata da miski, har ya shafa wa ƙarfe don waya ta shiga."

"Aro ne, Yaya. Na ce ai biyu ne, ɗaya zai ishe ku fitila da firji."

"Aro da mabuɗin sata?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka san da me yayanka yake numfashi idan yana barci?"

Ya ɗago, bai gane ba. Nan ta tabbatar bai sani ba, don Alhaji kunyar na'urar yake ji, ko 'ya'yansa ba ya son su gan shi da ita a fuska. Ta gaya masa komai, har yadda ta same shi a bakin tafki. Barmo ya dafa tebur, kwalabe suka yi ƙara. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ki kira 'yan sanda, Yaya. Na cancanta."

"'Yan sanda suna da aikinsu. Cire wayoyin nan, ka ɗauko shi. Yayanka yana mota. Da bakinka za ka faɗa masa."

Haka Barmo ya rungumo batirin a ƙirji, ya ratsa kasuwa, mutane na ba shi hanya. Ya ajiye shi a bakin mota, ya durƙusa, ya zaro mabuɗin daga aljihu ya ɗora a kai. Ya yi ta magana, rabi ba a ji don kuka.

Alhaji Souley ya saurare shi har ya gama. Sannan ya fito, ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Abin da ya fi yi mini ciwo, Barmo, ba batirin ba ne. Mi ya hana ka tambaye ni? Wallahi da ka tambaya, da duka biyun na ba ka."

"Shi ya sa," in ji Zinariya, tana ɗauke mabuɗin, ta kuma miƙa wa mijinta tafin hannu, "daga yau duk mai son wani abu na tirelar nan, ni zai tambaya. Kawo naka ma."

Alhaji ya dube ta, ya dubi Barmo, ya sa hannu a aljihu.