Ƙullin Ɓawon Masara

Ranar Talata da safe Doña Eulalia ta yanke jiki ta faɗi a madafa, harshenta ya karye. Mijinta Don Fulgencio ya kinkime ta ya sa a tsohuwar a-kori-kurarsa mai giyar otomatik. Inji ya tashi, ya saka giya, ya taka totur, mota ta yi ta gurnani ta ƙi motsi. Kafin a samo wata a kai ta asibitin garin Matehuala, rai ya yi halinsa.

Bayan jana'iza tsohon ya zo wajen ɗan sanda Sajan Nicanor Barraza da bindigarsa a kafaɗa. "An taɓa min mota. Ko ka nemo wanda ya taɓa ta, ko in harbe Crispín bakanike."

Barraza ya san tsohon zai aikata. Idonsa ya mutu rabi, amma taurin kansa na nan daram. Watan jiya ma saura ƙiris ya take wata mai lemo da mota.

Sajan ya fara da motar. Ya bari inji ya yi zafi, ya zaro ma'aunin man giya: ja ne jawur, cike yake, ba ƙaurin ƙonewa, ba ɗigo a ƙasa. Ya ja hannun giyar, ya ji shi sakayau kamar ludayi a ruwa. Da ya shiga ƙarƙashi sai ya ga sandar da ke haɗa hannun da giya a zare. An cire fil ɗinta, an ɗaure ta sama don kada ta ja ƙasa.

Ya kira Crispín, wanda ya sauya man a makon da ya wuce.

"Yallaɓai, ni da waya nake ɗaure komai, har wandona," in ji shi. "Kuma tun Lahadi ina kwance da zazzaɓi, tambayi surukata, ita ba ta taɓa yi min ƙaryar alheri ba."

Sai maƙwabci Abundio, mai rigimar shinge da tsohon.

"Da ni ne, yashi zan ɗura mata ta mutu har abada. Wa zai tsaya yi wa motar wannan jarababben ɗaurin lallaɓa?"

Gaskiyarsa. Barraza ya koma ƙarƙashi ya dubi ɗaurin da kyau. Zaren ɓawon masara ne, irin wanda mata ke ƙulle tamal, alalar masara, da shi kafin a turara, ƙulli biyu da ɗan kunne. Ya sha kwance irinsa, domin tun yana ƙaramin ɗan sanda yake karyawa da tamal ɗin Doña Eulalia. Ya tsani aikinsa a wannan lokacin.

Ya sami tsohon a tsakar gida. "Don Fulgencio, me mahaifin marigayiya yake yi?"

"Bakanike ne. A garejinsa ta girma."

"Ta taɓa hana ka tuƙi?"

"Kullum! Wai zan kashe 'yar mutane. Har mukulli ta ɓoye, na yanko wani."

"A mota ta yi ƙoƙarin gaya maka wani abu?"

"Ƙirjinta ta yi ta nuna min. Ciwo."

"Kawo rigar girkin da ke jikinta ranar."

Ya kawo. Barraza ya zura yatsa a aljihun gaba, ya zaro fil ɗin, baƙi da maiko, an naɗe shi a ɓawon masara.

"Maƙiyi ɓarna yake yi," in ji Sajan a hankali. "Wannan bai lalata komai ba, so yake kawai mota ta zauna a gida. Cikin minti ɗaya za a mayar da fil ɗin."

Tsohon ya daɗe yana juya fil ɗin kusa da idonsa mai ɗan gani. Bindigar ta zame daga kafaɗarsa, bai ɗauka ba.

"Aljihun take nuna min," ya ce. "Ni kuwa ina ta daka mata tsawa ta yi shiru in ji ƙarar inji."